Kalmar "soothe" ta Turanci: jagoran ma'anarta, furucinta, asalinta da yadda ake aiki da ita

Turanci yana da kalmomi da dama na kwantar da hankali, amma ɗaya daga cikin waɗanda za ka yawaita cin karo da su a jikin kwalin magani, a labarin jarida, ko a takardar jarrabawar WAEC da JAMB, ita ce soothe. Gajeriya ce: haruffa shida, gaɓa ɗaya. Duk da haka masu koyo suna tuntuɓe a kanta ta fuska uku, wato furuci, rubutu, da iyakar ma'ana. Ta ukun ce ta fi damuna, domin wanda bai san inda ma'anar soothe ta tsaya ba zai iya ɗauka an yi masa alkawarin waraka, alhali sauƙi kaɗai aka ce zai samu. Ga matakan da za ka bi har kalmar ta zauna maka.

Mataki na farko: kama ma'anar, ka san iyakarta

Soothe aikatau ce. Tana nufin ka sa abin da ya tashi ya kwanta, a hankali kuma cikin taushi. Abin da ya tashin nan iri biyu ne. Akwai na zuciya: kuka, tsoro, fushi, fargaba. Akwai na jiki: zugi, raɗaɗi, ƙaiƙayi, ƙuna, kaushin maƙogwaro. Uwar da ta ɗauki jaririnta tana jijjiga shi har ya yi shiru, Bature zai ce "she soothed the baby". Mai mura da ya kurɓi ruwan ɗumi da zuma ya ji maƙogwaronsa ya saki, zai ce "it soothed my throat".

A Hausa ba kalma ɗaya ce ke ɗauke da wannan duka ba. In mutum ne, lallashi ko rarrashi muke cewa. In hankali ne, kwantarwa. In zuciya ce, sanyayawa. In kuwa ciwo ne, sai mu ce ya lafa. Riƙe wannan lafawar da kyau. Bahaushe in ya ce ciwo ya lafa, bai ce ya warke ba, kuma kowa ya san bambancin. Haka soothe take.

Sharuɗɗa biyu ke nan. Na farko taushi: ba a amfani da kalmar a inda aka sa ƙarfi ko tsawa. Malamin da ya daka wa aji tsawa suka yi tsit ya sa su shiru, amma ba wannan ce kalmarsa ba. Na biyu, ba ta cire tushen matsalar. Likitan da ya cire ruɓaɓɓen haƙori ya yi magani, kalmarsa treat ko cure. Ruwan gishirin da ka kuskure baki da shi kafin gari ya waye ka je asibiti, shi ne ya yi aikin soothe.

Mataki na biyu: gyara furuci

Farkon kalmar ba wahala: "su" mai dogon wasali, kamar na "suna". Ƙarshenta ne ke da aiki. Haruffan th a Turanci suna wakiltar sautuka biyu, ɗaya mai ziza (wato maƙogwaro yana karkarwa in an furta shi), ɗaya marar ziza, kuma Hausa ba ta da ko ɗayansu. Shi ya sa bakinmu ke gudu zuwa z ko s, yayin da 'yan kudancin Najeriya suka fi karkata zuwa d ko t. A nan musanyar tana da illa, domin kowace tana haifar da wata kalma daban. In ka ce "suz", Bature zai ji sues, wato yana kai ƙara kotu. In ka ce "sud", zai ji sued, an kai ƙara. In ka ce "sut", ya ji suit, kwat da wando.

Wanda ya yi karatun tajwidi ya riga ya mallaki sautin, bai dai sani ba. Th ɗin soothe daidai yake da harafin zalun na Larabci, ذ, irin wanda ke cikin الذي da ذلك in an karanta su yadda malamin tajwidi ke so. Ga yadda za ka yi. Ɗora kan harshenka a gefen haƙoranka na sama, ya ɗan leƙo kaɗan. Saki iska ta bi tsakanin harshe da haƙora. Sa yatsa biyu a maƙogwaronka: in ka ji yana karkarwa, ka samu. In ba ya karkarwa, ɗan'uwansa marar ziza ka yi, irin harafin ث, wanda shi ke cikin tooth da think.

Harafin e na ƙarshe ba a furta shi. Kada ka ce "su-zi". Haka kuma soothed gaɓa ɗaya ce, ba "su-zed" ba: ka ƙare th ɗin, sai d ta biyo nan take ba wasali a tsakani. Wannan yana da nauyi a baki da farko. Maimaita breathed, bathed, soothed a jere, sannu a hankali, sannan ka ƙara sauri. Masu shirin takardar furuci ta WAEC su lura sosai, domin bambanta waɗannan th biyun yana cikin abin da manhajar ta ƙunsa.

Mataki na uku: rubutu da 'ya'yan kalmar

E ɗin nan da ba a furtawa yana da aiki: alama ce cewa th mai ziza ne. Turanci yana da jerin tagwaye irin wannan, inda suna ke ƙarewa da th marar ziza, aikatau kuma da the mai ziza: breath da breathe, bath da bathe, cloth da clothe, teeth da teethe. Sooth da soothe ma a jerin suke. Saboda haka in ka rubuta "to sooth the pain" ka yi kuskure a Turancin yau, domin sooth wata tsohuwar kalma ce da za mu zo kanta yanzu. Abin da ke ruɗa mutane shi ne smooth, wadda take da th mai ziza amma ba e. Ita ce ta fita daban, kada ka auna soothe da ita.

Sauran siffofin su ne soothes, soothed, da soothing, inda e ke faɗuwa kafin a ƙara ing. Soothing ta fi yawo a matsayin sifa: soothing music, soothing voice, soothing cream. Daga ita ake samun bayanau soothingly. Akwai kuma soother, wadda a Kanada da Ayalan take nufin robar da ake sa wa jariri a baki ya tsotsa. Ita dai wannan robar a Ingila dummy ake ce mata, a Amurka kuma pacifier.

Mataki na huɗu: bi sawun asalinta

Kada ka tsallake wannan matakin da sunan tarihi ne kawai. Shi ne zai sa ma'anar ta manne maka.

A Tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila tun daga wajen ƙarni na 5 har tsakiyar ƙarni na 12, akwai kalmar soth mai dogon o. Ma'anarta gaskiya. Daga ita aka gina aikatau sothian, wato tabbatar da cewa magana gaskiya ce, ko ba da shaida a kanta. Babu lallashi a ciki ko kaɗan. Kalma ce ta shaida da hujja.

To ta yaya gaskatawa ta koma lallashi? Duba yadda ake rabon faɗa a unguwa. Mutum ya fusata, jijiyar wuyansa ta tashi, yana ta zuba. Dattijon da ya san aiki ba ya fara da gardama. Cewa yake, "Gaskiyarka, Malam. Wallahi gaskiyarka. Yi haƙuri." Sau da yawa dattijon bai ma gama jin ba'asin ɗaya ɓangaren ba. Ba hukunci yake yankewa ba, wuta yake ragewa. Da mai fushin ya ji an gaskata shi, sai murya ta fara sauka. Wannan hanyar ce kalmar Turancin ta bi. A ƙarni na 16, wajen shekarun 1560, soothe ta fara nufin ka amsa wa mutum da "haka ne" a kan duk abin da ya faɗa don ka faranta masa, wato ka biye masa, har ma da fadanci. Daga nan, zuwa ƙarshen ƙarni na 17, aka manta da "haka ne" ɗin, aka riƙe sakamakonsa kaɗai, wato kwanciyar hankali.

Ana iya ganin zangon tsakiyar a wasan Shakespeare mai suna King Lear, wanda ya rubuta wajen 1606. Sarki ya zauce, ga hadari ana tafkawa, ya nace sai an bar shi ya tafi da wani da ya yi shigar mahaukacin almajiri. Amintaccen bawansa Kent ya ce wa wani basarake, Gloucester: "Good my lord, soothe him, let him take the fellow." Mai karatun yau zai zaci cewa yake a rarrashi sarkin. Abin da yake nufi shi ne a biye masa, kada a yi masa musu, a bar shi ya tafi da mutumin. Bayan kusan shekara casa'in, a 1697, William Congreve ya buɗe wasansa The Mourning Bride da layin da har yau ake maimaitawa: "Music has charms to soothe a savage breast." Kiɗa ba ya gaskata kowa kuma ba ya fadanci, saboda haka a nan ma'anar zamani ta riga ta kankama: sanyaya ƙirji mai zafi. Mutane da yawa suna cewa beast, dabba, a ƙarshen layin. Breast ne, ƙirji.

Tsohuwar ma'anar ba ta mutu gaba ɗaya ba. Tana nan a soothsayer, wadda a zahiri take nufin mai faɗin gaskiya, amma ake amfani da ita ga ɗan duba, mai da'awar sanin abin da zai faru. Tana nan a forsooth, "a gaskiya", wadda yanzu ba a faɗinta sai da ba'a. Kuma a tsofaffin rubuce-rubuce za ka ga "in sooth", wato hakika.

In ka ƙara tono ƙasa, za ka tarar kalmar tana da dangi nesa da Ingila. A harshen mutanen Suwidin, sann na nufin abin da yake gaskiya. N ɗin da ke ciki Turanci ne ya zubar da nasa tun da daɗewa, kamar yadda ya yi a goose da five, inda Jamusanci ya riƙe nasa a Gans da fünf. A Sanskirit, tsohon harshen Indiya, gaskiya ita ce satya, wadda daga ita Gandhi ya gina sunan gwagwarmayarsa, satyagraha, tun yana Afirka ta Kudu. Masana harshe sun mayar da soth da sann da satya duka ga tushe ɗaya mai ma'anar "kasancewa": gaskiya ita ce abin da yake akwai. Shi kuwa dogon o na soth ya koma "u" ne a babban sauyin wasulan da Turanci ya yi tsakanin wajen 1400 zuwa 1700. Rubutu ya tsaya a oo, baki ya wuce gaba. Abin da ya sami moon da food ke nan.

Mataki na biyar: gina jimla

Soothe aikatau so-karɓau ce a yawancin amfani. Wani ne ke yi wa wani, ko wani abu ke yi wa wani abu, kuma karɓau, wato wanda aikin ya faɗa a kansa, yana biyo ta kai tsaye ba tare da to ko for ba. "She soothed the child" daidai ne. "She soothed to the child" kuskure ne, kuma kuskure ne da Hausa ke jawo mu ciki, domin mu muna cewa "ta kwantar wa yaron da hankali", sai "wa" ɗin ya nemi gurbi a Turanci. Ba shi da gurbi.

Abu na biyu, ba ka cewa "he soothed" kana nufin hankalinsa ya kwanta. Wannan aikin calm ne: "he calmed down". Haka kuma ba a saba cewa "soothe down" ba. In mai fushi kake so ya sauko, "calm down" za ka ce masa. Babu mai ce wa mutum "soothe!" a matsayin umarni.

Siffofin jimla da za ka buƙata ba su da yawa. In za ka ambaci abin da aka yi lallashin da shi, with ne: "He soothed the horse with a gentle voice", ya lallashi dokin da tattausar murya. In za ka nuna inda lallashin ya kai, to ne: "She soothed the baby to sleep", ta rarrashi jaririn har ya yi barci. In damuwar ce ta gushe a hankali, away: "The warm bath soothed away the ache", wankan ruwan ɗumi ya tafi da tsamin jikin. In kuma ka juya jimlar, by: "He was soothed by her words", kalamanta sun sanyaya masa rai.

Kula da bambancin soothing da soothed. Abin da ke sanyaya rai shi ne soothing, wanda aka sanyaya wa rai shi ne soothed. "Her voice is soothing", muryarta tana kwantar da hankali. "I feel soothed", na ji hankalina ya kwanta. Wanda ya ce "I feel soothing" ya yi irin kuskuren mai cewa "I am boring" alhali gundura ce ta kama shi.

Sai kalmomin da take yawan tafiya da su. Ta ɓangaren jiki: throat, skin, burn, rash, cough, aching muscles. Ta ɓangaren zuciya: nerves, fears, anger, feelings. Koyi kalmar tare da abokan tafiyarta, kada ka haddace ta ita kaɗai. Wanda ya riƙe "soothe my nerves" da "soothe a sore throat" ya fi wanda ya haddace fassarar ƙamus samun abin faɗa in magana ta taso.

A rubuce-rubucen renon yara da na lafiyar ƙwaƙwalwa za ka kuma ga self-soothe, wato mutum ya kwantar wa kansa da hankali, kamar jaririn da ya farka da dare ya tsotsi yatsa ya koma barci ba a ɗauke shi ba.

Mataki na shida: rarrabe ta da maƙwabtanta

A nan ne tambayoyin "mafi kusa a ma'ana" na jarrabawa suke kama ɗalibai, domin duk zaɓin huɗun suna kama da juna.

Calm ita ce mafi faɗi. Tana aiki ga mutum, ga teku, ga gari bayan tarzoma, kuma ba ta sharɗanta taushi. Ba a furta l ɗinta. Asalinta kalmar Girkanci ce, kauma, zafin tsakar rana, lokacin da komai ke tsayawa cik. Comfort da console na mai baƙin ciki ne. Console ta fi dacewa da rashi, irin abin da ake yi a zaman makoki. Lull ta barci ce, daga ita aka sami lullaby, waƙar reno, amma tana da fuska ta biyu mai haɗari: a shagaltar da mutum ya saki jiki alhali akwai abin tsoro.

Assuage, wadda ake furtawa kamar "asweij", ta zo ta Faransanci daga suavis na Latin, mai daɗi. Kalmar rubutu ce, ba ta hira ba, kuma ta fi tafiya da guilt, grief, fears, hunger. Alleviate daga levis take, marar nauyi, wato rage nauyin wahala. Ita ce ke cikin poverty alleviation da 'yan Najeriya suka saba ji a sunayen shirye-shiryen gwamnati na rage talauci. Ba a cewa "soothe poverty". Relieve tana kusa da ita, kuma ta fi soothe ƙarfi wajen ciwo: ƙwayar ciwon kai relieve take yi, man shafawa mai sanyi kuwa soothe.

Sai uku da suka shafi mai fushi: mollify, placate, appease. Mollify daga mollis na Latin take, taushi, wato tausasa wanda ya hasala. Placate takan ɗauki ma'anar an ba shi wani abu don ya yi shiru. Appease ce ke buƙatar taka-tsantsan. Asalinta mai kyau ne, daga kalmar Faransanci ta zaman lafiya. Amma a watan Satumba na 1938, firaministan Birtaniya Neville Chamberlain ya sa hannu a yarjejeniyar Munich, wadda ta bar wa Hitler yankin Sudetenland na ƙasar Chekoslovakiya, da fatan hakan zai hana yaƙi. Shekara guda bayan haka yaƙin ya ɓarke. Tun daga lokacin, appeasement a bakin 'yan siyasa ta zama zargi: miƙa wuya ga azzalumi don gudun fitina. Kada ka yabi shugaba da ita a rubutunka, za a karanta ta a matsayin suka.

In ka rasa wadda za ka zaɓa, tambayi kanka abu biyu. Shin an ba da wani abu, ko an janye daga wani matsayi, don a sami shiru? In haka ne, placate ko appease. Shin taɓawa ce, ko murya, ko sanyi, ko ɗumi ya yi aikin, ba tare da ciniki ba? To soothe ce.

Mataki na bakwai: karanta ta a kwalin magani da idon basira

Wannan shi ne matakin da ya wuce jarrabawa. Masu talla suna son soothe da soothing domin kalmar tana da daɗin ji kuma ba ta ɗaure su da alkawarin warkarwa. Alawar maƙogwaro da aka rubuta wa "soothes sore throats" tana cewa ne za ka ji sauƙi na ɗan lokaci. Ba ta ce za ta kashe ƙwayar cutar ba. Man da aka ce "soothes itchy skin" zai rage ƙaiƙayi, amma in makero ne ko ƙazuwa, sai an sami maganinsu na ainihi. Saboda haka in ka ɗauki kwali a kantin magani, nemi aikatau ɗin. Soothes da relieves na sauƙi ne. Treats na magani ne. Sannan ka juya kwalin ka karanta abin da aka haɗa a ciki. In ciwon ya ƙi tafiya, ko zazzaɓi ya shigo, asibiti za ka nufa.

Tarihi ya nuna abin da kan faru in aka amince da kalmar ido rufe. Daga 1849 aka fara sayar da wani ruwan magani mai suna Mrs. Winslow's Soothing Syrup daga garin Bangor na jihar Maine a Amurka, ana tallarsa ga iyaye mata don jariran da ke kukan haƙori. Ya yi kasuwa sosai a Amurka da Birtaniya. Kuma lallai yana sa yaro shiru, domin akwai mofin a ciki, sinadarin da ake tacewa daga opiyom, ga kuma barasa. Iyaye ba su sani ba, tunda babu dokar da ta tilasta a rubuta. Jarirai sun yi barcin da ba su farka ba. Sai a 1906 Amurka ta kafa dokar abinci da magunguna da ta wajabta bayyana irin waɗannan sinadarai a jikin kwalba, kuma a 1911 ƙungiyar likitocin Amurka ta sa shi cikin magungunan da ta kira masu kashe jarirai. Uwar da ta sayi kwalbar nan ba ta yi don mugunta ba. Ta ga kalmar lallashi a rubuce ta yarda da ita. Ina so duk mai renon yaro ya riƙe wannan: shirun jariri ba shi ne lafiyarsa ba. Kuma tunda na ambaci zuma a baya, a sani ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, komai tarin da yake yi.

A jarida ma haka take. In ka karanta "the central bank moved to soothe markets", ana nufin babban banki ya yi wata magana ko wani motsi don kwantar wa masu zuba jari da hankali. Ɗan jaridar bai ce an gyara tattalin arziki ba. In minista ya yi "soothing words" bayan wata annoba, sau da yawa marubucin yana nuni ne a fakaice cewa magana ce mai daɗi wadda aiki bai biyo bayanta ba tukuna. Tsohuwar ma'anar nan ta biye wa mutum don ya yi shiru ba ta gama fita daga jikin kalmar ba.

Mataki na takwas: gwada kanka

Ɗauki takarda ka mayar da waɗannan Turanci kafin ka duba amsa. Ta rarrashi ƙaninta da waƙa. Ruwan sanyi zai rage maka raɗaɗin ƙunar. Ya huce bayan an ba shi haƙuri. Muryar mai karatun tana sanyaya zuciya. Gwamnati ta ƙara albashi don ma'aikata su janye yajin aiki.

Ta farko: "She soothed her little brother with a song." Ta biyu: "Cold water will soothe the burn." Ta uku tarko ce, domin mutumin ne ya huce da kansa, babu karɓau, saboda haka "He calmed down after they apologised." Ta huɗu sifa take nema: "The reciter's voice is soothing." Ta biyar ma ba gurbin soothe ba ne, tunda an ba da wani abu don a sami shiru: "The government raised salaries to placate the striking workers."

Bayan haka sai ka juya aikin. Nemi jimloli biyar masu soothe a labaran Turanci ko a jikin kayan da ke gidanka, ka mayar da su Hausa, kana zaɓa tsakanin lallashi, kwantar da hankali, sanyaya zuciya da lafawa gwargwadon abin da ke gaban kalmar. Ka karanta kowace jimlar Turancin da ƙarfi, yatsunka biyu a maƙogwaro, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. In har yanzu "suz" kake ji, koma mataki na biyu ka sake fito da kan harshen tsakanin haƙora.